Sarauniyar Riƙon Ƙwarya ta Kafar Summak

Fim ɗin barkwancin nan mai suna Sarauniyar Tuffa ba zai fito a hutun Kirsimeti ba kamar yadda aka tallata. An ɗauki komai nasa, saura fitowa ɗaya ta ƙarshe, inda za a ɗora wa sabuwar sarauniyar kyau kambi. Kambin yana kan Sitt Badi'a Lattuf, mai shekara saba'in da biyu, a ƙauyen Kafar Summak da ke kan duwatsun Labanan, kuma ta ce har yanzu ba a nuna mata wadda za ta miƙa wa ba.

Daraktan fim ɗin, Gassan Tabbal, ya yi shekara ashirin yana shirya wa gidajen talabijin na Bairut tallan sabulun wanki da na cuku. Wannan ne fim ɗinsa na farko, kuma shi ya rubuta labarin. Duk wanda ya taɓa zama da shi a gidan gahawa ya ji yadda fim ɗin zai ƙare: kyamara za ta tashi daga fuskar sarauniya ta yi sama, ta haɗa da dandalin ƙauye, da jama'a maƙil, da gonakin tuffa jajur a bayansu, duk a ɗauka guda ba yankewa. Yakan ce saboda wannan ɗaukar ya rubuta sauran.

Labarin ba shi da wuya. Wani ƙauye ya farfaɗo da gasar sarauniyar kyau da aka daina tun kafin yaƙin basasa, har sarauniyar ƙarshe ta tsufa da kambinta. Iyaye mata suna kai wa alƙalai akwatunan tuffa ta ƙofar baya, 'yan takara suna ɓoye wa juna takalma, a ƙarshe 'yar mai gidan burodi, wadda ba wanda ya kula da ita, ta lashe. Jarumar Bairut, Mirel Shammas, ita ce 'yar mai gidan burodin. Sauran kusan duk mutanen ƙauyen ne aka ɗauka cikon taro.

Kafar Summak gida biyu ce, gidan Dumit da gidan Lattuf, kuma ba abin da ba a raba tsakaninsu. Shugabancin majalisar ƙauye na shekara shida karɓa-karɓa ake yi, uku-uku. Ruwan ban gona yau na nan, gobe na can. A coci Dumit suna zama dama, Lattuf hagu, duk Ista a yi musaya. Akwai wata sandar fitila a kan hanyar maƙabarta da ba a taɓa sa wa ƙwai ba, don da an kunna ta, da unguwar Lattuf ta fi da ɗaya.

Gassan ya san wannan tun kafin ya zo. Ya ɗauki 'yan takara biyar daga kowane gida. Abincin rana yau daga murhun Dumit, gobe daga na Lattuf. Janareta na Dumit ne, kujeru da katakon dandamali na Lattuf. A teburin alƙalai ya sa wani ɗan wasan barkwanci daga Bairut a tsakiya, shi kaɗai ke da magana. A damansa ya zaunar da Rayyis Tanus Dumit, shugaban majalisa mai ci, a hagunsa kuma Abu Sarkis Lattuf, mataimakin da ke jiran watan Mayu ya karɓi kujerar. Aikinsu ɗaga kati kawai. Tsohuwar sarauniya kuwa ya ba Sitt Badi'a, wadda aka haifa a gidan Dumit, ta auri ɗan Lattuf, mijin ya rasu. Kowane gida yana lissafa ta a nasa idan ta yi abin kirki.

An yi mako uku ana aiki lafiya. Gassan ya gaya wa wata jarida cewa a ƙauyen nan ya gano yadda za a gyara ƙasar.

Matsalar ta fara ne daga tsawo. Mirel Shammas gajeruwa ce, abin da masu kallo ba su sani ba, kuma ta fi so su zauna a haka. Sharaɗinta ɗaya ne: kada wadda ta fi ta tsawo ta tsaya kusa da ita. A fitowar ƙarshe kuwa, wadda ta zo ta biyu za ta tsaya daf da kafaɗarta, ta uku kuma a matakalar ƙasa. Ranar Alhamis da safe Gassan ya jera 'yan matan goma a jikin bangon makaranta, ya dube su daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya nuna wadda ta fi gajarta. Jumana Dumit ce, 'yar ƙanin Rayyis. Sai ya nuna wadda ta fi tsawo, don matakalar ƙasa ta rage mata. Tarez Lattuf ce, jikar Abu Sarkis, ɗalibar haɗa magunguna da ta zo hutu. Bai tambayi sunan kowa ba. Ya ce wa mai kula da kayan sawa ta rubuta "ta biyu" da "ta uku" a ƙyallen kafaɗa, ya tafi duba haske.

'Yan matan ba su ɗauki abin da zafi ba.

"Barka, Jumana," in ji Tarez. "Yau dai gajarta ta yi rana."

"Ke ma barka. Ki dai duƙa in za a yi hoton, kar a yanke miki kai."

Suka tafi tare sayen gurasa mai za'atar, wani garin ganye mai ƙamshi da riɗi.

Kafin tsakar rana Abu Sarkis ya iso dandali cikin baƙar kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, carbi a hannu. Ya tarar da Gassan a gindin ƙarfen ɗaga kyamara.

"Ustaz Gassan, an ce an fitar da sakamako."

"Wane sakamako, Abu Sarkis? Fim ne fa. A kawo gahawa?"

"Na sha a gida. A fim ɗin, wa ta zo ta biyu?"

"Yarinyar nan mai koriyar riga."

"Mai koriyar riga tana da suna. Ta uku fa?"

"Doguwar."

"Doguwar jikata ce. A ajinsu na jami'a ba ta taɓa yin ta uku ba. Ni kuma alƙali ne a gasar nan, da kujerata da katina, ba wanda ya tuntuɓe ni."

"Ai ba hukunci za ka yanke ba. Kati za ka ɗaga, mu muka rubuta abin da ke jiki."

"Wato in ɗaga hannu a kan abin da aka gama a bayan idona. Haka ake mana a majalisa kusan shekara uku ke nan. Ban san har da fim ba."

Gassan ya rage murya, ya yi masa bayanin sharaɗin jarumar. Abu Sarkis ya saurara har ƙarshe.

"Ashe don tana da tsawo aka hukunta ta. Mu gidanmu dogaye ne, Ustaz, ba mu muka zaɓa ba. Su kuwa Dumit an san su."

Ya juya ya tafi. Bayan tafiyarsa, samarin Lattuf suka zo da a-kori-kura suka kwashe kujerun dandali, suka ce ana buƙatarsu a wurin wani baiko da ba a sa ranarsa ba tukuna. Gassan ya aika wa Rayyis Tanus cewa yana tunanin musanya matsayin 'yan matan. Rayyis ya aiko da gaisuwa, da kwandon inabi, da saƙon cewa janareta ya fara wani tari, idan aka taɓa sakamakon da aka riga aka bayyana, bai san ko zai kai Lahadi ba.

Lahadi ita ce rana ta ƙarshe. Ranar Litinin Mirel za ta tashi zuwa Alƙahira, inda wani fim mai dogon zango na watan azumi ke jiranta, kuma masu tsinkar tuffa sun riga sun jingina tsani a gonakin bayan dandali.

Aka zauna ranar Juma'a da safe a gidan Abuna Bulus, limamin cocin, wanda ya shekara talatin yana shiga tsakanin gidajen biyu ba tare da an san wanda ya fi so ba. Shi ya kawo shawarar a yi kunnen doki, 'yan matan biyu duk su zo na biyu. Aka yarda. Sai Abu Sarkis ya tambayi sunan wa za a fara kira. Abuna ya ce a kira su tare, mai gabatar da gasar ya faɗi ɗaya, ɗan wasan Bairut ya faɗi ɗaya, a lokaci guda. Rayyis ya ce mai gabatarwa yana da lasifika. Aka ce a ba ɗayan ma lasifika. Aka koma kan furanni, wa za a fara miƙa wa. An sha gahawa zagaye uku ana kan furanni.

A nan ne Gassan ya ajiye kofinsa.

"Don Allah ku saurare ni. Na tsufa a sana'ar nan. Ba wanda ke tuna ta biyu. Ku tare kowa a titi ku tambaye shi wa ta zo ta biyu a kowace gasa a duniya, ba zai sani ba. Da ta biyu da ta uku duk ado ne, kamar tukwanen fure. Kambi ne abin kallo. Mai kambi ita ce a fasta, ita ce fuskar ƙauyen nan a Bairut da Sidni da Montiriyal. Sauran ba a ma ganinsu sosai."

Rayyis ya dubi Abu Sarkis, Abu Sarkis ya dubi Rayyis. Abuna Bulus ya ce daga baya rabon da ya ga sun haɗa ido tun jana'izar mijin Sitt Badi'a.

"To, mai kambin 'yar gidan wa ce?" Rayyis ya tambaya.

"Mirel ce. Kun sani ai."

"'Yar ina?"

"'Yar Bairut."

"Na ga tana cin tuffa da wuƙa da cokali mai yatsu," in ji Abu Sarkis.

"A idona aka yi," in ji Rayyis. "Ta tambayi matata ko duk shekara muke shuka su."

"Kuma ita ce fuskarmu a Sidni," in ji Abu Sarkis.

"Inda ɗan'uwana yake."

"Da 'ya'yana biyu."

Suka miƙe tare. A ƙofa kowa ya ce wa ɗayan ya wuce, har suka fita a gicciye, kafaɗa da kafaɗa. Suka shiga mota ɗaya, mutane suka fito ƙofar shaguna suna kallo. Kafin a ci abincin rana majalisar ƙauye ta yi zama, ta amince da murya ɗaya, abin da ba ta yi ba ko a kan gyaran bututun ruwa, cewa ba za a naɗa baƙuwa Sarauniyar Tuffa a dandalin Kafar Summak ba.

Gassan ya rufe kansa a ɗakin makaranta ya sauya ƙarshen labarin. 'Yar mai gidan burodi za ta lashe, tsohuwar sarauniya ta ɗora mata kambi, ita kuma ta cire ta ɗora wa wata 'yar ƙauye. Ya kai wa Mirel cikin motarta mai sanyi, yana jiran faɗa.

"Wato ni zan bayar da shi da kaina," in ji ta. "Zan yi kuka?"

"Za ki yi."

"Ta hagu za ka ɗauko ni, ka san wannan kuncin ne mai kyau."

"Na sani."

"Kuma wadda zan ɗora wa sai ta durƙusa. Ba zan yi ɗage a gaban jama'a ba."

Majalisa ta karɓi sabon ƙarshen da tafi. Kujeru suka dawo, janareta ya daina tari. Haɗin kan ya kai har safiyar Asabar, lokacin da mai kula da kayan sawa ta tambayi kan wa za ta auna.

Hujjar Lattuf ita ce, tunda shugabanci yana hannun Dumit, kambi nasu ne, haka aka saba. Hujjar Dumit kuma ita ce, shugabanci zai bar hannunsu a watan Mayu, fim kuwa ba ya ƙarewa, jikokin jikoki za su kalla, ba za a haɗa wata takwas da har abada ba. Gassan ya ce zai ɗauki fitowar sau biyu, ɗaya da Jumana, ɗaya da Tarez. Aka tambaye shi wacce za a nuna ranar buɗewa a Bairut. Ya ce za a yi ƙuri'a. Abu Sarkis ya ce ba ya yarda da ƙuri'a tun wadda aka yi a kan filin ƙwallo. Wani ya ce a raba kambin biyu, kowace ta sa rabi. Kambin na tagulla ne da gilashi, wani maƙeri Ba'armene ya yi shi a unguwar Burj Hammud da ke gefen Bairut, da ƙananan tuffa zagaye da babba ɗaya a goshi. Ba a daɗe ba aka koma kan wane rabi ne zai tafi da babbar.

Duk wannan lokacin kambin yana kan Sitt Badi'a. Tun makon farko ta nemi a bar mata shi tsakanin ɗauka da ɗauka, ta ce don wuyanta ya saba da nauyinsa. Da shi take zuwa sayen kayan miya.

Gassan ya samu 'yan matan biyu zaune a kan katangar makaranta suna cin gyaɗa a takarda ɗaya.

"Ku taimake ni. Ɗaya ta ce ta janye."

"Ni na janye tun jiya," in ji Tarez. "Kakana ya ce ba ni da hurumin janyewa, kujerar ta gidan ce, ni riƙewa kawai nake yi."

"Ni ma na ce a ba Tarez," in ji Jumana. "Mama ta kwanta da ciwon kai, ta ce sai na janye janyewar za ta tashi."

"Ustaz, ba ka da akuya a fim ɗin? Ka ɗora mata."

"Akuyar gidan wa?" in ji Jumana.

Da yammacin Asabar ya zo da dabararsa ta ƙarshe. Jumana da Tarez za su durƙusa a gaban Mirel, ɗaya nan ɗaya nan. Mirel za ta ɗaga kambin a tsakaninsu, kafin ya sauka a kan kowa kyamara ta yi sama, ta haɗa da dandali da gonaki, fim ya ƙare. Kowane gida ya tafi da nasa zaton. Rayyis ya ce ba shi da ja a kan manufar. Abu Sarkis ya ce shi ma haka. Gassan ya ce wa mai ɗaukar hoto wannan ƙarshen ma ya fi na farko, ya fi zurfi.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, dandali ya cika. Dumit a dama, Lattuf a hagu, kowa da kayan bikinsa. Sitt Badi'a tana kan karagar da aka yi da akwatunan tuffa, da kambi. Rana tana kan gonaki daidai yadda Gassan yake so. Rayyis Tanus ya zauna a teburin alƙalai. Abu Sarkis bai zauna ba, ya tsaya a gindin bishiyar tsakiyar dandali yana jan carbi.

Gassan ya je da kansa.

"Abu Sarkis, bismillah, kujerarka."

"Ustaz, mako uku ina kallon matar nan tana aiki. Ko atishawa za ta yi sai ta juya wa kyamara kuncin hagu. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne, amma…"

"In ta juya kuncin hagu, wa take kallo? Wadda ta durƙusa ta wancan gefen. Wa ka sa a wancan gefen?"

Jumana ce a wancan gefen. Gassan ya sa aka musanya su. Abu Sarkis ya zo ya zauna, ya gyara katinsa. Sai wayar Rayyis Tanus ta yi ƙara, ko da yake waɗanda ke kusa ba su ji ba. Ya miƙe yana cewa daga ma'aikata ne, ya bi ta bayan coci. Rabin dandali na dama suka miƙe suka bi shi, har da tsofaffi masu sanda.

Aka mayar da 'yan matan yadda suke. Rayyis ya gama wayarsa ya dawo, dama ta cika. Abu Sarkis ya tuna bai sha maganin hawan jini ba, hagu ta watse.

Gassan ya roƙi Mirel ta fuskanci kyamara kai tsaye, sau ɗaya kawai.

"Habibi, ka taɓa ganin hancina ta gaba?"

"Kyamara za ta yi nisa."

"Daga fuskata za ta fara, kai ka faɗa. Ba zan lalata aikin shekara goma sha biyar saboda tsofaffi biyu ba."

Gassan ya ce a ɗauka haka nan, da rabin jama'a. Mai ɗaukar hoto ya hau ƙarfen, ya duba, ya sauko ya ce daga sama dandalin ya yi kama da kan da aka aske rabi. Gassan ya ce a baza waɗanda suka rage su cike kujerun. Ba Dumit ɗaya da ya yarda ya zauna a hagu, tunda Ista ba ta zo ba. Ɗan wasan Bairut ya yi barci a tsakiyar teburin alƙalai da katinsa a ƙirji. Jumana da Tarez suka gaji da durƙuso, suka zauna a ƙasa suna kallon waya ɗaya.

Inuwar dutse ta fara cin gonakin daga ƙasa. Gassan ya tsaya yana kallonta tana hawa layi bayan layi har jan tuffar ya koma toka-toka. Abuna Bulus ya hau dandamali ya karɓi lasifika, ya sanar da cewa adadin alƙalan da ake buƙata bai cika ba, an ɗage zama zuwa ranar da za a sanar.

Wata mata daga hagu ta tambayi yadda za a yi da kambin.

"Kamar yadda aka saba," in ji Abuna. "In ba a zaɓi sabo ba, mai ci yana riƙon ƙwarya."

Dama ta tafa, hagu ta tafa. Sitt Badi'a ta ɗaga hannu ta juya shi a hankali, yadda aka koya mata a makon farko.

Ana naɗe wayoyi Gassan ya same ta.

"Sitt Badi'a, kambin nan kayan aiki ne. Zan tafi da shi."

"Ɗana, me ka ce mini ranar farko? Ka ce kar in cire sai na ɗora wa sabuwa. Ina sabuwar?"

"Ai a fim na ce."

"Fim ɗin ya ƙare?"

Samari biyu, ɗaya Dumit ɗaya Lattuf, suka raka ta gida. Washegari Mirel ta tashi zuwa Alƙahira, masu tsinka suka shiga gonaki.

Tun daga nan Sitt Badi'a ta yanke ƙyallen buɗe sabon kantin magani, ta miƙa kofi a gasar ƙwallon raga, ta zauna a sahun gaba a ɗaurin aure biyu da jana'iza ɗaya. Majalisa ta sa mata kujera a tsakiyar layin coci, tsakanin dama da hagu, inda ba a taɓa sa kujera ba. Mutanen Sidni sun aiko a yi mata hoto da kambi, su rataye a ƙungiyarsu.

Gassan ya koma ƙauyen a watan Nuwamba. Masu rarraba fim sun ba shi zaɓi, ko ya kawo ƙarshe ko ya sauka daga jerin Kirsimeti. Wani ya ba shi shawara ya ɗauki fitowar a ɗakin ɗauka a Bairut da wani kambin, fuskoki uku da labule a baya. Ya ce shi ba tallan cuku yake yi ba. Ya tarar da Sitt Badi'a a barandarta, da kambi a kan gyalen ulu. Ta kawo masa gahawa da ɓauren da ta dafa da sukari.

"An ce ke aka naɗa mai shiga tsakani."

"Abuna ya gaji, ɗana. Wa ya fi ni sanin gidajen biyu?"

"To ina aka kwana?"

"Ana samun ci gaba. Na je wurin Tanus, ɗan baffana ne, na ce masa, Tanus, in ka sassauta, ubanka zai juya a kabari. Amma ka yi tunani. Na je wurin Abu Sarkis, ƙanin mijina, na ce masa, kai ne babba, babba ba ya fara lanƙwasawa. Amma ka yi tunani. Duk suna tunani."

"Wannan ne shiga tsakanin?"

"So kake in yi musu ƙarya? Ci ɓauren, ka rame."

"Sitt Badi'a, shekara ashirin ina jiran fim ɗin nan."

"Ni saba'in da biyu ba wanda ya taɓa miƙe mini in na shiga ɗaki. A gidan ubana ni 'yar da ta tafi ce, a gidan mijina baƙuwa. Ka yi haƙuri kaɗan, kai yaro ne. Tuffa za ta sake nuna."

Ta gyara babbar tuffar a goshinta, ta tambaye shi ko maƙerin na Burj Hammud yana gyara, don ɗaya daga cikin ƙananan ta fara girgiza.

A Alƙahira, Mirel Shammas ta yanke gashinta ta rina shi ja saboda sabon aikinta, wakilinta ya ce sai gashin ya yi shekara kafin ya dawo yadda yake a fim ɗin. An yi wa Jumana baiko da wani ɗan Lattuf mazaunin Montiriyal, kuma gidajen biyu ba su daidaita ba a kan gidan da za a lissafa ta idan aka koma ɗauka. Majalisar ƙauye ta sa ranar zama na gaba bayan watan Mayu, lokacin da Abu Sarkis zai karɓi shugabanci. Rayyis Tanus ya riga ya ce daga ranar nan, tunda shugabanci yana hannun Lattuf, kambi na Dumit ne, haka aka saba. Abu Sarkis ya ce fim ba ya ƙarewa, ba za a haɗa shekara uku da har abada ba.

Ƙarfen ɗaga kyamarar yana nan a dandali, lulluɓe da tamfol. Ba a yanke shawarar a-kori-kurar gidan da za ta mayar da shi Bairut ba.